Turombon Ɗinkin Tela da Rigimar Bawul

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su ga kan wannan rubutu su ce, to shi kuma wannan me ya kawo shi mujallar Hausa? Ku yi mani haƙuri. Malaminmu na fassara ya sha gaya mana cewa ba a sanin ƙarfin harshe a bakin mutum sai ranar da ya ɗauko abin da ba a saba faɗa da harshen ba, ya faɗe shi har mai sauraro ya gane. Ni kuwa in ka cire karatun Hausa, babu abin da na sani kamar busa turombon. Da shi nake biyan kuɗin makaranta, kuma a kansa ne bara na kusa yin abin da har yau ban yanke hukunci ba, wauta ce na tsallake ko kuwa rabo ne na bari ya wuce.

A Ibadan aka haife ni, wato Badun in ji Hausawan Sabo, waɗanda a bakinsu na fara tsintar Hausa tun ina yaro ana aike na sayen tsire. Ina ɗan shekara 13 na shiga bandin makarantarmu. Ganga nake so, amma masu ganga sun yi yawa, sai malamin ya miƙo mani wani dogon abin busa na tagulla da kowa ya ƙi ɗauka. Ga wanda bai taɓa ganin turombon ba, ya ɗauki kakaki a ransa, ya lanƙwasa shi sau biyu, sannan ya sa wani sashe nasa ya zama bututu cikin bututu, wanda ake turawa gaba a jawo baya. Wannan sashe shi masu busa ke kira silaid. In aka miƙe bututun gaba ɗaya, tsawonsa ya kai kimanin mita 2.7. Kakaki, wanda mu ma Yarabawa muke da shi a fadar sarakunanmu, tsawonsa ba ya canzawa, shi ya sa muryoyi biyu ko uku kawai yake bayarwa. Shi kuwa turombon, duk lokacin da ka tura silaid ka ƙara masa tsawo, muryar sai ta sauka. Akwai matsayai bakwai, kuma babu wata alama a jikin ƙarfen da za ta nuna maka su, kunne ne da hannu kawai.

Matsayi na bakwai shi ne ya zama mani ƙarfen ƙafa. Yana can nesa, kusan santimita 60 daga inda aka fara, ni kuwa gajere ne, har gobe ma ban yi wani tsawon kirki ba. Sai in karkata kafaɗa, in riƙe silaid da kan yatsu biyu, wani lokaci ya kuɓuce ya faɗi ƙasa a tsakiyar fareti, yara su yi ta dariya. Saboda haka ranar da na fara ganin turombon mai bawul a hannun wani mai busa a wajen bikin binne wata tsohuwa, na ga yana danna wani ɗan ƙarfe da babban yatsansa na hagu maimakon ya miƙa hannu, ban ƙara sauraren kiɗan ba. Bayansa na yi ta bi har aka tashi.

Kalmar bawul dai ba baƙuwa ba ce a Hausa, duk mai keke ko babur ya san bawul ɗin taya. Na turombon aikinsa ya fi kama da na ɗan sandan da ke ba da hannu a mararraba. In ba ka taɓa shi ba, iska na bin hanyarta ta kullum. In ka danna kunamarsa, sai ya juya ya tura iskar cikin wani ƙarin bututu mai tsawon kusan mita ɗaya da aka naɗe a bayan kafaɗar mai busa, sannan ta dawo ta ci gaba da tafiya. Wannan ƙari yana saukar da kayan daga muryar B-filat zuwa F. Amfaninsa biyu ne. Muryar da da sai ka je matsayi na shida ko na bakwai, yanzu tana nan kusa da hancinka a na ɗaya da na biyu. Sannan ga wasu muryoyi na can ƙasa waɗanda turombon marar bawul ba shi da su sam. Wani maƙeri a birnin Leipzig na Jamus, Christian Friedrich Sattler, shi ya fara haɗa wannan dabara a 1839. Wato matsalar gajerun hannuwa ta daɗe da samun magani, ni ne dai labari bai iso mani ba.

Na yi shekara huɗu ina tara kuɗin busa a wajen biki da jana'iza kafin na sayi nawa, gwanjo, wanda ko sunan kamfanin da ya yi shi ya goge. Bawul ɗinsa irin na asali ne, wanda ake kira rota. Wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne kamar gwangwanin tumatir ƙarami, an fafe hanyoyi biyu a jikinsa, yana zaune cikin gidansa yana juyawa rubu'in da'ira. Na yi murna ƙwarai, amma murnar ba ta daɗe ba. In ina busa ba tare da bawul ba, muryar a sake take. Da zarar na danna, sai in ji kamar an cusa tsumma a ciki, muryar ta shaƙe, ta zama ta mai mura. Na tambayi manyanmu a bandi, suka ce ai haka rota yake, sai haƙuri. Na shiga intanet, na tarar Turawa sun yi shekara da shekaru suna wannan kuka, har ma kukan ya haifar da sana'a guda.

Ga yadda abin yake. Yawancin kayan busa na kanti ne, kamar rigar da aka ɗinka dubu iri ɗaya, in ta yi maka to, in ba ta yi ba kai za ka saba da ita. Wasu na kantin ma sun yi suna ƙwarai, irin su Conn 88H da ya fito a 1954 da kuma Bach 42, waɗanda har yau ake auna sauran da su. Amma akwai wasu ƙananan maƙera da ke yin abin da ni na raɗa wa suna ɗinkin tela. Kamfanin Edwards a garin Elkhorn na jihar Wisconsin a Amurka ya fara a 1989. Steve Shires ya buɗe nasa a jihar Massachusetts a 1995. A Ingila akwai Michael Rath a yankin Huddersfield, a Jamus kuma akwai gidan Thein a birnin Bremen. A wurin irin su Edwards da Shires da Rath, turombon ba abu ɗaya ba ne da aka liƙe da dalma. Gunduwa-gunduwa ne da ake ɗaurewa da noti. Mai saye zai je da ƙafarsa ya wuni yana busa, maƙeri na gefe yana saurare, yana kwance wannan yana ɗaura wancan, har a dace.

Abubuwan da ake zaɓa suna da yawa, har suna iya sa mutum jiri. Akwai faffaɗan bakin da murya ke fita, wanda a babban turombon faɗinsa inci 8.5 ne. Za a tambaye ka wace tagulla kake so: rawaya, mai kashi 70 na jan ƙarfe da 30 na tutiya, ko mai ruwan zinariya da jan ƙarfenta ya kai kashi 85, ko ja mai kashi 90. Masu busa suna cewa rawaya ta fi tsayuwa da haske, ja kuma ta fi taushi in ana busa a hankali. Za a tambaye ka kauri, da ko a cika leɓen bakin da dalma ko a bar shi haka. Akwai wani siririn bututu a farkon silaid, inda ƙoƙon busa ke shiga, wanda ni nake kira maƙogwaro, shi ma iri-iri ne. Duk wannan na karanta na wuce, domin ba nan ciwona yake ba. Inda na tsaya na yi watanni shi ne wajen bawul.

Ƙarar da aka kai rota ita ce yana sa iska yin kwana mai kaifi, digiri 90, kuma a tsofaffin ƙira hanyar da ke cikinsa a matse take, ba ta kai faɗin sauran bututun ba. Wani Ba'amurke mai suna Orla Ed Thayer ya ce to a daina kwanar mana. Ya ƙera bawul mai siffar mazurari, wanda ke kwance a kan hanyar iskar yana juyawa a tsayinta, ta yadda karkatar da take yi ba ta wuce digiri 25 ba. Ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1978, kuma cikin shekarun da suka biyo baya manyan masu busa a Amurka da yawa suka koma kansa, musamman masu turombon na bes da ke wuni a muryoyin ƙasa. Daga baya, wajen 1990, René Hagmann a birnin Janeba na Suwizalan ya fito da nasa, wanda ya bi tsakiya. Ƙananan bututu uku ne cikakku a cikin ganga ɗaya, kwanarsu ta fi ta rota sauƙi amma ba ta kai ta mazurari miƙewa ba, kuma yatsa ba ya tafiya mai nisa kafin ya juya. Masu son rota su ma ba su zauna ba. Gary Greenhoe, wanda shi kansa ya taɓa zama mai busa a ƙungiyar makaɗa ta Milwaukee, ya sake fafe hanyoyin cikin rota suka yi faɗi, ya huda masa 'yar kafa don kada a ji wannan ɗan “fuf” da iska ke yi in an danna. Rath yana amfani da wani mai suna Rotax, Shires yana da TruBore, shahararren mai busan nan na Suwidin Christian Lindberg shi ma ya haɗa kai da Conn sun yi nasu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ni dai tun kafin in taɓa ko ɗaya da hannuna na riga na yanke hukunci. Mazurari ne sarki. Hujjar a fili take: hanya miƙaƙƙiya ta fi mai kwana. Na cika wayata da hotunansa. Abokan ɗakina sun gaji da ni, har ɗaya, ɗan Zariya, in ya gan ni shiru sai ya ce, “Malam Bawul, an tafi Amurka ke nan?” Farashin sabo kuwa ya kai dala 5,000, wasu ma sun haura, wato miliyoyin naira, kuɗin da ko a mafarki ban taɓa ƙirgawa ba.

Bara da hutun ƙarshen shekara wani abokin busa ya haɗa ni da wani dattijo a Legas, wanda ya yi karatun kiɗa a ƙasar waje ya daɗe yana busa a can kafin ya dawo gida yana koyarwa. Kowa Baba yake ce masa. Yana da turombon ɗinkin tela guda biyu, ɗaya mai mazurari, ɗaya mai bawul irin na Hagmann, kuma an ce yana neman rabuwa da mai mazurarin. Na hau mota tun asuba da tsohon gwanjona a kafaɗa. Da na isa na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni ya dubi jakar, ya ce, “Ɗana, fito da naka tukuna in ji ka.” Na busa, ina jin kunya. Bai ce komai ba. Ya buɗe akwati ya miƙo mani abin da na yi shekara biyu ina kallo a waya.

Ba zan yi maku ƙarya ba, da na danna kunama na sauka ƙasa, sai da tsigar jikina ta tashi. Babu bambanci tsakanin muryar bawul da ta fili, kamar ƙofa ce aka wangale. Muryar C ta can ƙasa, wadda a nawa sai na yi ta lallashi, nan ta fito da faɗi har gilashin taga na rawa. Amma da Baba ya ce in busa wata doguwar waƙa a hankali, sai abin mamaki ya faru: numfashina ya ƙare a tsakiyar layi, a wurin da ban taɓa tsayawa shan iska ba. Na sake, haka. Na ji kamar mutumin da ya saba jingina da bango, aka zo aka janye bangon. Ban da haka, gangar bawul ɗin babba ce, tana taɓa mani wuya, ga nauyi a hannun hagu, kuma kunamar tana da doguwar tafiya, a waƙa mai sauri yatsana yana makara. Na karɓi na biyun. Shi ya ɗan riƙe ni, ba kamar nawa ba, amma akwai abin jingina, kunamar kuma gajeriya ce mai daɗin dannawa. Zuciyata ta fara rabuwa biyu, abin da ban zo da shirinsa ba.

Sai Baba ya ce in je ƙarshen falo in juya masa baya. Ya busa layi ɗaya sau uku da kaya uku, har da nawa, ya ce in faɗi wanne ne wanne. Ni da nake taƙama da kunne, ni da na koyi karin sautin Hausa cikin sauƙi saboda mu Yarabawa da do-re-mi ake koya mana namu tun a firamare, sai ga shi na kasa. Na farko na ce mazurari ne, ashe gwanjona ne. Muka sake, na dace da ɗaya na faɗi biyu. Ya yi dariya ya ce, “Ka gani? Yawancin abin nan a bayan baki yake, ba a gabansa ba. Kai mai busa kai kake ji. Wanda ya biya kuɗi ya zo saurare ni yake ji, ba bawul ba.”

Ya yi mani wani bayani da ya rushe hujjata ta hanya miƙaƙƙiya. Ni a da ina ɗauka iska ce ke gudu cikin bututu kamar ruwa a famfo, don haka duk kwana cikas ce. Ashe iskar da muke hurawa a hankali take tafiya, aikinta kawai ta sa leɓɓa su yi karkarwa. Karkarwar ce ke kai da komowa cikin bututun da saurin sauti, ta je baki ta dawo ta taɓa leɓɓa, ta taimake su su ci gaba da rawa daidai. Abin da ke dawowa ɗin nan shi muke ji kamar turjiya. In ya yi yawa ka shaƙe, in ya yi kaɗan ka rasa madogara, kuma yawan da ya dace da wani ba shi ne ya dace da wani ba. Shi ya sa ake zuwa wurin maƙeri da kai. Wannan turombon, in ji shi, an auna shi ne a jikinsa yana ɗan shekara arba'in, mai faɗin ƙirji, yana zaune a ƙungiyar makaɗa mai mutum tamanin a cikin zaure mai sanyi. Nan na gane cewa rigar ɗinkin tela in ta koma hannun wani ta zama gwanjo ita ma, sai dai gwanjo mai tsada.

Na tambaye shi dalilin da ya sa yake son sayarwa. Bai ɓoye mani ba. Ya kwance zoben bawul ɗin da hannu ya zaro mazurarin ya nuna mani. Faɗin wurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe ya ninka na rota, saboda haka yana shan mai sosai, kusan kullum sai an ɗiga masa, kuma sai an riƙa kwancewa ana wankewa. In aka bari ya bushe sai ya yi nauyi, in ya goge kuma sai ya fara yoyon iska. Shi yanzu ya tsufa, ya gaji da reno. Ya tambaye ni, “A ina kake busa?” Na ce a titi, Baba. Gaban gawa, bayan amarya, cikin rana, a kan hanyar da ba kwalta. Kuma kasuwarmu ta fi ci a Disamba da Janairu, daidai lokacin da hunturu ke sauko mana da ƙura daga Arewa, har ka ji tana ƙas-ƙas a haƙoranka. Ya girgiza kai. Ya ce in wani abu ya lanƙwashe a jikin wannan bawul, wa zai gyara maka a Ibadan? Na yi shiru, domin mai gyaranmu mai walda ne da ke liƙa lagireton mota.

Duk da haka ya yi mani tayin da ya hana ni barci. Ya ce in ina so zai bar mani a kan kuɗin da bai kai rabin na sabo ba, in ba da kafin alƙalami, sauran in riƙa biya a hankali. Kafin alƙalamin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke cikin asusuna, kamar ya leƙa. Kuɗin nan kuwa na tara su ne domin zaman wata uku a Arewa, wanda duk ɗalibin Hausa irina da bai tashi a can ba ya san darajarsa. Hausar Sabo da ta littafi sun kawo ni aji huɗu, amma har yanzu in na yi magana da Bakano, kafin in kai ƙarshen jimla ya gane daga inda na fito. Dogon wasali da gajere suna ba ni wahala. Ga kuma mahaifiyata da ta riga ta gaya wa duk 'yan layinsu a kasuwa cewa ɗanta zai tafi Kano.

Kafin in tashi, Baba ya ce in ba shi nawa ya duba wani abu. Ya kwance murfin rota, ya kai shi bakin taga. A kan ƙarfen akwai wasu 'yan zane guda biyu da maƙeri ya yi, waɗanda dole su haɗu daidai in bawul ya tsaya a inda ya kamata. Ni ban taɓa sanin da su ba, shekara uku ina ɗauke da kayan. Ya danna kunama ya nuna mani: zanen ya wuce abokinsa da kusan kaurin tsinken ashana. Ashe 'yan robobin nan biyu da ke tare hannun bawul sun cinye, ɗaya ma ta faɗi, wani kafin ni ya cusa takarda a gurbinta. Saboda haka duk lokacin da na danna, ramin rota ba ya fuskantar ramin bututu sosai, gefen ƙarfe yana tare wani sashe na hanyar. Ya aiki jikansa ya samo zoben roba irin na famfo, ya yanka da reza, ya cusa, ya riƙa fiƙewa kaɗan-kaɗan yana dubawa har zanen suka haɗu. Ya wanke bututun da ruwan ɗumi da sabulu, abin da ya fito daga ciki ba zan rubuta shi a mujalla ba. Ya ɗiga man bawul a ciki, ya sa man keken ɗinki a gaɓoɓin kunama. Duka aikin bai kai minti arba'in ba.

Da na busa sai na ji kunya ta kama ni fiye da ta farko. Tsumman nan da na yi shekara uku ina zagin Bajamushen ƙarni na 19 a kansa, fiye da rabinsa ya tafi. Ban ce duka ba. C ta ƙasa har yanzu ba ta kai ta mazurari ba, ko kusa, kuma duk wanda ya ce maka bambancin bawul tatsuniya ce kawai, bai busa su a jere ba. Thayer da Hagmann ba wasa suka yi ba, matsala ta gaske suka gani. Mai busa bes a babban zaure, wanda abincinsa ke can ƙasa, in ya zaɓi mazurari ya san abin da yake yi. Da a ce yau wani zai ɗauke ni ya kai ni wurin maƙeri ya ce zaɓi, ina jin irin na Hagmann zan nuna, ko kuma rota na zamani mai faɗin ciki, saboda gajeren yatsana da kuma wannan ɗan bango da na gano ina bukata. Amma a bandinmu na titi, inda ganguna shida ke bayana kuma rabin aikina shi ne in sa turombon ya yi magana da karin Yarabanci yana kiran sunan mai biki, sau nawa nake sauka C ta ƙasa? Na ƙirga a hanyar dawowa. A wata guda bai fi sau biyu ba.

Na kira Baba bayan kwana uku na ce na gode, ba zan iya ba. Ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, in na dawo daga Arewa in zo in gaishe shi da Hausa. Na ji daga baya wani ɗalibinsa ya saya. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ce na ji ba.

Na yi wata ukuna a Kano, na tafi da gwanjona. A can na ga masu kakaki a hawan salla kusa da kusa, har ɗaya ya bar ni na riƙe nasa bayan an tashi. Gunduwa-gunduwa ne shi ma, ana zare shi a harhaɗa. Na nuna masa hoton mazurari a wayata, domin ban goge ba, na yi masa bayanin aikinsa da Hausar da nake da ita. Ya saurara har na gama, ya gyara mani kalma biyu, sannan ya tambaye ni nawa ne. Da na faɗa masa sai ya karɓi kakakinsa daga hannuna, ya goge inda na riƙe da bakin rigarsa.

Robar da Baba ya yanka ta fara cinyewa a watan jiya. Na sayi zobe biyar a wurin mai kayan famfo a Mokola, na ɓata uku kafin zanen suka haɗu.